Malam Kailu da Kalmar da Ta Kusa Raba Mana Masallaci

Idan an sallame sallar asuba a unguwar Arras ta birnin Abidjan, Malam Kailu ba ya komawa gida. Yakan tsallaka titi zuwa teburin mai shayi, ya sha kofi da madara, ya raba burodinsa biyu, ya ci rabi ya sa rabi a aljihu. Daga nan sai ya taka zuwa bayan kasuwar Treichville, inda yake da rumfa da 'yan bencuna da wani allo da ya koɗe har alli ba ya son kama shi. Can yake koya wa 'ya'yan Abidjan Turanci har rana ta take tsaka. Bayan azahar ya hau bas ya ƙetare gada zuwa Adjamé, ya zauna a wata rumfar a unguwar Bracodi, ya juya aikin: waɗanda suka zo daga Najeriya da Turanci a baki, ya koya musu Faransanci. Haka yake yi tun ina da gashi a kai, ga shi yanzu wanzamina ya fara jin kunyar zuwa gidana.

Hausawa haifaffun nan suna ce masa Metir, wato malami da Faransanci. Mutanen Kano da Sakkwato suna ce masa Ticha. Duk wanda ka kira zai amsa. A bana ya ajiye alli, domin yanar ido ta rufe masa gani, rubutun da ya yi da hannunsa a allo ma sai ya matsa kamar zai shinshina shi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni ɗalibinsa ne, amma ina roƙon kada a auna shi da ni. Na zo daga Kano ina saurayi, na goge bencinsa shekara da shekaru, kuma har yau idan na yi wa direban tasin woro-woro Faransanci, da harshen Jula yake amsa mini, don tausayi. Laifin ba na malami ba ne. Akwai ƙasar da ko me aka shuka a cikinta, ciyawa take bayarwa.

Waɗanda suka amfana da shi suna da yawa. A tambayi Hajiya Hajara mai atamfa a kasuwar Treichville. Likita ya ce ta zo gwajin jini « à jeun », wato kada ta ci komai. Wani mai rabin Faransanci irina ya fassara mata cewa an ce ta zo da azumi. Baiwar Allah ta tashi ta yi sahur da tuwo da shayi mai sukari, ta ɗauki niyya, ta tafi asibiti. Sakamakon da ya fito ya sa ta fara yi wa 'ya'yanta wasiyya. Malam Kailu ne ya rufe rumfarsa ya raka ta, ya tambaye ta abin da ta ci, ya yi wa likita bayani, aka sake gwaji. Har yanzu tana nan tana cin tuwonta.

Amma abin da ya sa nake ganin duk wanda ke sallah a lungunmu na Bracodi yana da nauyin godiya a wuyansa, shi ne maganar masallaci.

Ɗan masallaci ne, na khamsu salawati, iyayen haifaffun nan suka gina shi tun da daɗewa. Mu baƙi muka zo muka tarar da shi, muka cika sahu tare. Shi kaɗai ne wurin da mai cewa « on dit quoi » da mai cewa « yaya kasuwa » suke haɗa kafaɗa. Da damina ta tsattsaga bangonsa, aka yanke shawarar rushewa a sake. Alhaji Abubakar Sadiq, ɗan Kano mai shigo da darduma da carbi da agogon bango, shi ya ɗauki nauyin siminti da ƙarfe. Nazir, haifaffen Treichville, wanda aikinsa ke nan kula da gine-gine, ya ce shi zai tsaya a kan aikin saboda Allah. Nazir ƙanen matata Ladidi ne. A riƙe wannan, domin shi ya hana ni barci.

Alhaji yana ƙasar waje wajen sayayya lokacin da za a haƙa harsashi. Ya bugo waya, ina tsaye, Nazir ya buɗe murya kowa na ji.

« Nazir, kafin ku haƙa, lallai ku duba mihrabin nan da compass. »

« Babu damuwa, Alhaji, ina da shi a jakata. »

Aka haƙa. Nazir ya bi layin tsohon bango, ya fitar da wurin tsayuwar liman a zagaye, gwanin kyau kamar an kifa ƙwarya. Da Alhaji ya dawo, bai ko sauke gajiya ba ya zo ya dira cikin ramin da babbar rigarsa. Ya zaro ɗan abin nan mai allura da ke nuna arewa, irin wanda yake sayarwa tare da darduma, ya ɗora a tafin hannu. Ya juya, ya sake juyawa. Mihrabin ya kauce wa alƙibla, ba da yawa ba, amma ya kauce.

« Nazir, ka ce ka duba? »

« Na duba, Alhaji. Da hannuna. »

« Da compass? »

« Da shi. »

Alhaji ya ɗaga abin sama don kowa ya gani. « Yaro, a ɗakin Allah kake ƙarya? Dama ku 'yan nan Hausa ba ta ishe ku ba, ashe gabas ɗin ma ba ku san inda take ba. »

Nazir ya cire hular kwanonsa a hankali. Mutum ne mai 'ya'ya, an ce masa yaro a gaban leburorinsa. Ya ce, « Alhaji, ubana ne ya ɗora bulon farko na tsohon bangon nan. Ça suffit, ya isa haka. » Ya ɗauki jakarsa ya fita, haifaffun nan suka bi bayansa.

Kafin mako ya zagayo, su suna sallah a garejin wani abokinsu, mu muna yi a ƙarƙashin tamfol kusa da ramin, ruwan sama na cika shi. Suka fara neman fili su gina nasu. A ɓangarenmu aka ce su tafi mana. Ni kuwa na koma gida na tarar da Ladidi ta ajiye mini aceke, dambun rogon nan, ba kifi.

« Mutanenka sun ce ƙanena maƙaryaci ne. Kai kana ina? »

« Ina wurin. »

« Me ka ce? »

« Na ce subhanallahi. »

« Sannu da ƙoƙari, » in ji ta.

Dattawa sun shiga tsakani. Kowa ya je ya ce wa Nazir ya yi haƙuri, ya ce wa Alhaji ya yi haƙuri. Haƙurin me? Nazir ya rantse ya duba, Alhaji yana da allura a hannu da ke cewa ba a duba ba. Dole ɗaya ya zama maƙaryaci, kuma babu ɓangaren da zai yarda nasa ne.

Malam Kailu ya kira ni bayan darasi. « Jabiru, raka ni wurin surukinka. Idona ba ya son ramukan titin nan. »

Muka sami Nazir a wani gini da yake kula da shi. Ya tashi ya ba Malam kujera.

« Metir, in maganar haƙuri ce, na gaji da ita. »

« Yako, sannu, ɗana. Ba haƙuri na zo ba ka ba. Nuna mini abin da ka duba da shi. »

Nazir ya jawo jakarsa. Duk kwanakin nan ba wanda ya tambaye shi wannan. Ya buɗe jaka ya fito da abin zana da'ira, mai ƙafa biyu, ɗaya tsini ɗaya fensir.

« Ga shi. Compas. Ya ce in duba mihrabi, na auna zagayensa a kan zanen ginin, na fitar da shi daidai. Me kuma ake so? »

Malam ya shafa abin da yatsunsa, bai yi dariya ba, ko da yake na ga gemunsa yana rawa. Ya ce, « Ara mini shi zuwa gobe. »

Washegari bayan la'asar muka shiga shagon Alhaji a Adjamé. Bayan gaisuwa, Malam ya ajiye abin a kan teburi.

« Alhaji, taimaka wa tsoho. Wani ɗalibi ya kawo mini wannan, kai kuwa ka yi sakandare a Kano. Me kuke ce masa a can? »

Alhaji ya ɗauka yana murmushi. « Haba Ticha, ai wannan na cikin gwangwanin lissafi ne. Da shi muke sokar juna a aji. Compass ke nan. »

Ya faɗa, sannan ya ji abin da ya faɗa. Murmushin ya tsaya a inda yake. Ya dubi abin, ya dubi kwalin masu allura da ke kan kanta, ya sake dubar abin.

« Na wane ne? »

« Na Nazir. »

Shagon ya yi tsit, sai hon ɗin motocin tasha. Ni na duƙufa ina nazarin wata darduma kamar zan saya.

Kai ne, Malam, ka ƙi barin shirun nan ya yi tsawo har ya zama kunya. Ka ce, « Alhaji, laifin na Bature ne. Bafaranshe ya yi wa abu biyu suna biyu: mai zana da'ira compas, mai nuna arewa boussole. Mai Turanci ya yi rowa, ya haɗa musu suna ɗaya. Da ya ga za a rikice sai ya ce mai ƙafafun a kira shi a pair of compasses, yadda yake yi wa wando da almakashi, domin shi duk abin da ya gani da ƙafa biyu sai ya ɗauka mutum biyu ne. To wa ke da lokacin faɗin wannan duka? Kowa compass yake cewa. Akwai ma ƙanensa na awo, wanda ƙafafunsa duka tsini ne, shi kuma dividers. Kai ka faɗi daidai a Turancinka. Shi ya ji daidai a Faransancinsa. »

Alhaji ya ce, « Amma na kira shi maƙaryaci. »

« Ka kira. »

« A gaban mutane. »

« A gabansu. »

Ba ka ƙara ko kalma ɗaya ba. Na sha ganin masu sulhu da ke zuba wa'azi a irin wannan gaɓar har mai laifi ya fusata ya janye. Kai ka sha ruwan da aka kawo maka, ka tambayi yadda kasuwa take.

A hanyar komawa muka biya ta wurin Nazir, ka mayar masa da abinsa, ka ba shi nasa rabon. « Kai ma kada ka yi ta hura hanci. Je bakin tashar jiragen ruwa ka tambayi matuƙa, su ma mai nuna arewan compas suke ce masa, da Faransancin naka. Kuma mutum ya ce mihrabi ya ce compass, ai da ka tambaye shi wanne. »

Nazir ya sosa ƙeya. « Gaskiya ne, Metir. »

Alhaji da ƙafarsa ya je garejin nan. Ya jira aka sallame, ya miƙe a gaban mutanen da ya zaga. Ya ce, « Malam Nazir, a gaban jama'a na ce ka yi ƙarya, a gaban jama'a nake cewa ba ka yi ba. Na kuma taɓa iyayenku, waɗanda suka gina mana wurin da muka zo muka samu. Ku yafe mini. » Nazir ya ce shi ma ya yi gaggawar fita. Liman ya tabbatar wa kowa cewa sallolin da iyaye suka yi a tsohon bango suna nan daram, sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Aka kwashe ruwan ramin da bokitai, aka gyara layi, Alhaji riƙe da mai allura, Nazir riƙe da mai ƙafafu. Ni aka ba ni riƙon lema.

Malam Kailu bai zo ranar ba. Yana da ɗalibai a Treichville, in ji shi. Da aka zo buɗe masallaci aka yi ta jero sunayen waɗanda suka taimaka, nasa bai fito ba, domin bai ba da bulo ko ɗaya ba. Na waiga na gan shi a sahun baya yana cewa amin da ƙarfi.

Malam, kai ne gadar da ba ta da shingen tsayar da mai wucewa. Ka yi rayuwarka a tsakanin bakuna biyu, kana ɗaukar magana daga wannan ka kai wa wancan ba tare da ka zubar ko ka ƙara gishiri ba. Mun gode. Allah ya haskaka maka idonka, ya sa hutun nan ya zama na lafiya, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba.

Ku kuma matasanmu masu harshe uku da huɗu a baki, rumfunan nan biyu ba kowa a cikinsu yanzu. Jiya ma wata mata ta zo daga Gusau tana neman wanda zai raka ta asibiti. Wani ya je ya zauna a bencin nan. Ba sai ka kai Malam sani ba. Ka dai koyi tambayar mutum me yake nufi kafin ka yanke masa hukunci.

Masallacinmu ɗaya ne har yau. In aka ta da iƙama aka sami giɓi a sahun gaba, Alhaji ne ke waigowa ya jawo hannun rigar Nazir.