Ranar Da Kwamfutar Malam Sidi Ta Yi Shiru

Wata rana, kwana biyu bayan babbar Sallah, wata baiwar Allah mai suna Barira ta zauna a tsakar gidansu a Kazaure, da kwamfutar mahaifinta a kan cinyarta.

Sauri take yi. Motar da za ta mayar da ita Abuja tana jiranta a tasha.

Barira injiniyar kwamfuta ce. Ta ƙware a Linux, tsarin nan na kyauta da kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara yadda yake so. A wurin aikinta, duk abin da ya gagara, teburinta ake kaiwa. A zaurukan intanet kuwa, mutanen da ba ta taɓa gani ba suna yi mata addu'a saboda ta warware musu matsala.

Mahaifinta, Malam Sidi, shekara talatin da ɗaya ya yi yana buga tafireta a kotu kafin ya yi ritaya. Daga baya hawan jinin ido ya kama shi. A hankali, a hankali, har gani ya tafi gaba ɗaya.

Ido ya tafi, amma yatsu ba su manta ba.

Shi ya sa Barira ta kawo masa wata tsohuwar kwamfuta, ta sa mata Linux, ta tsara ta daidai da shi. Yana danna maɓallin kunnawa, za ta buɗe da kanta, ba sai an sa kalmar sirri ba. Takardarsa ta fito. Wata murya kuma ta riƙa karanta masa duk harafin da ya buga.

Muryar ba ta iya Hausa ba. Idan ta zo kan "ƙwarya" sai ta murɗe shi kamar Bature ya sha zafin barkono. Malam Sidi ya yi ta dariya har da hawaye.

Tarihin gidansu yake rubutawa. Ya faro daga kakansa, ya gangaro. Shekara guda da rabi yana yi, ya kai shafi casa'in da wani abu.

Babi biyu suka rage: na mahaifiyarsa, wadda Barira ta ci sunanta, da na aurensa da Inna, mahaifiyar Barira.

To, a ranar nan da take sauri, Barira ta lura tsarin kwamfutar ya tsufa. Ta sabunta shi. Ta kuma sauya masa fuskar aiki, wato abin da ke fitowa idan an kunna, ta sa wata sabuwa mai sauƙi da ta san ba za ta riƙa nauyi ba.

Ya kamata ta kashe ta sake kunnawa, ta ga yadda za ta tashi.

Direban mota ya kira karo na uku.

Ta rufe kwamfutar, ta durƙusa ta yi wa iyayenta sallama, ta fita da gudu.

Washegari da hantsi wayarta ta yi ƙara tana tsakiyar taro. Ta fito ta ɗauka.

"Uwata," haka yake kiranta, "abokiyar hirata ta yi shiru. Na kunna, na jira, ko tari ba ta yi ba."

Barira ba ta yi dogon tunani ba. Ta sha ganin irin wannan. An sabunta tsari, sauti ya ɗauke, ai direban sauti ne, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa kwamfuta da lasifika.

"Baba, ƙaramar matsala ce. Muryar ce kawai ta ɗauke, komai na nan yana aiki. Ai ka san madannan nan fiye da ni. Ka ci gaba da rubutunka, ƙarshen mako zan shigo in gyara."

"To shi ke nan, Uwata. Allah ya yi miki albarka."

Ƙarshen mako ya zo, aiki ya taso a ofis.

Na gaba ya zo, aka tura ta Legas horar da ma'aikata.

Duk lokacin da suka yi waya, ba ya ƙorafi. Sai dai can ƙarshen hira ya ce, "Har yanzu fa shiru take." Ita kuma ta ce, "Ina sane, Baba. Ina nan tafe."

A cikin kwanakin nan, ta taya wani ɗalibi a Kenya gyara direban Wi-Fi ɗinsa. Ta ɓata awa uku tana jagorantar wani mutum a Indiya da fuskar kwamfutarsa ta koma baƙa. Ta rubuta dogon bayani kan yadda ake saita firinta, mutane ɗaruruwa suka yi mata godiya.

Ko sau ɗaya bai zo mata a rai ta ce wani maƙwabci ya ɗauki hoton fuskar kwamfutar Baba ya turo mata ba.

Wata Alhamis da safe, Inna ta kira.

Malam Sidi ya dawo daga sallar asuba, ya ce kansa na sarawa, ya kwanta. Bai sake tashi ba.

Kafin Barira ta iso Kazaure, an riga an kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar uku, mutane suka fara raguwa. Da la'asar, Inna ta shiga ɗakin marigayin, ta fito da kwamfutar a naɗe cikin wani tsohon rawaninsa. Ta ajiye a gaban Barira, ta zauna a gefen tabarma.

Ta ce kullum bayan ya karya kumallo yake zama. Ba ya tashi sai an kusa kiran azahar. Ranar Talata ya tafa hannu ya ce ya gama, har ya sa ta dafa masa shayi mai citta don murna.

Barira ta goge ido, ta danna maɓallin kunnawa.

Kwamfutar ta tashi.

Amma ba takardar Baba ce ta fito ba.

Wani ɗan ƙaramin gurbi ne a tsakiyar fuskar, da rubutu a samansa: a shigar da kalmar sirri.

Nan take ta gane.

Sautin lafiyarsa lau. Direban sautin ma lafiyarsa lau. Sabuwar fuskar da ta sa ce ta mayar da tambayar kalmar sirri, ita kuwa muryar nan ba ta fara magana sai an wuce wannan ƙofa. Kwamfutar ba ta lalace ba. A bakin ƙofa take tsaye tana jira.

Ta shigar da kalmar. Ta buɗe takardar Baba. Ta gangara har ƙasa.

Shafi casa'in da huɗu. Jimlar ƙarshe ita ce wadda ya sa muryar ta karanta mata ranar Sallah. Ko ɗigo ba a ƙara ba.

Ta ƙi yarda. Ta buɗe baƙin allon umarni, ta bincika kowane lungu na ma'ajiyar. Ta nemi fayilolin wucin gadi, ta nemi waɗanda aka goge. Duk dabarar da ta koya a shekara goma, ta gwada ta a kan tabarmar nan.

Babu.

Abin da ba a taɓa shigarwa ba, ba a dawo da shi.

Daga ƙarshe ta buɗe rajistar tsarin, inda kwamfuta ke rubuta duk abin da ya faru da lokacin da ya faru.

A nan ta same shi.

An shigar da kalmar sirri ba daidai ba, ƙarfe tara da minti arba'in.

An shigar da kalmar sirri ba daidai ba, ƙarfe tara da minti arba'in da bakwai.

An shigar da kalmar sirri ba daidai ba, ƙarfe goma saura minti biyu.

Layi bayan layi. Rana bayan rana.

Duk sakin layin da Baba ya gama, ya danna maɓallin sauka ƙasa, kwamfutar ta ɗauke shi a matsayin kalmar sirri, ta ce ba ita ba ce, ta share, ta sake buɗe masa gurbin.

Sau ɗari shida da goma sha biyu. Kwana ashirin da uku.

Rajistar ta adana lokutan. Ba ta adana ko kalma ɗaya ba.

Ranakun Juma'a ya tashi daga rubutun da wuri. Wata Lahadi bai zauna ba sam, ranar da aka yi jana'izar amininsa. Layi na ƙarshe, Talata, ƙarfe goma sha biyu saura minti takwas.

Inna ba ta yi karatun boko ba. Ta ga 'yarta ta ƙura wa fuskar ido, ga rubutu ya cika ta, sai ta matso.

"Karanta mini. Ya ce akwai ni a ciki."

Barira ta ci gaba da kallon layukan.

"Ko ba yanzu ba? In kin gaji a bari sai gobe."

"Inna... bai shiga ba. Duk abin da ya rubuta tun bayan Sallah, bai shiga ba."

"Ya shiga mana. Da idona na gani. Yana bugawa wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe suna jeruwa."

"Ba rubutu ba ne, Inna. Ni ce na ce masa ya ci gaba. Ban duba ba."

Inna ta dubi kwamfutar. Sannan ta ce, a hankali:

"Ashe duk kwanakin nan shi kaɗai yake magana."

Ba ta yi faɗa ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta ɗauki butarta ta tafi alwalar magariba.

Da ta zage ta, da ya fi wa Barira sauƙi.

Gyaran da ya jira kwana ashirin da uku, Barira ta yi shi kafin Inna ta dawo. Wani ɗan maɓalli ne a cikin saituna. Ta danna shi sau ɗaya. Ko minti guda bai kai ba.

Sannan ta kifa kanta a kan gwiwa ta yi kukan da ba ta yi ba ko a ranar rasuwar.

Ba ta koma Abuja a makon nan ba. Ta kira ofis ta ce a nemi wani.

Ana gobe sadakar bakwai, Inna ta same ta a ɗaki. Ta ce Malam yana da wata ɗabi'a tun zamanin kotu: in yana buga rubutu, bakinsa na faɗin abin da yatsunsa ke yi. Ita kuma tana kai da kawowa tsakanin murhu da rijiya, wani ta ji, wani ya wuce ta.

Barira ta kunna abin naɗar murya a wayarta.

Kwana huɗu suna zaune. Inna na tunowa, Barira na rubutawa. Yadda kakarta ta riƙa sayar da daddawa ta sa Malam Sidi a makaranta. Yadda ta taka da ƙafa har Ɗambatta a shekarar yunwa, da goyo a bayanta. Wata waƙar daka da take yi, wadda Inna ta tuna baiti biyu, na ukun ya ɓace.

Shafi shida suka samu.

Da suka zo babin ƙarshe, Barira ta gyara zama ta ce, "Saura naki, Inna."

Inna ta girgiza kai, ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska.

Ta ce wannan ba ta ji komai ba. Duk inda ya zo kanta, sai ya yi ƙasa da murya, yana murmushi shi kaɗai. Ta taɓa tambayarsa, ya ce ta yi haƙuri, 'yarta za ta karanta mata.

Shekara arba'in da biyu suna tare. Har yau babu wanda ya san abin da ya rubuta a kanta.

Darasi:

Idan mahaifinka ko mahaifiyarka suka ce maka wani abu ya lalace, kada ka auna shi da iliminka. A wurinka aikin minti ɗaya ne. A wurinsu wataƙila shi ne abin da suke tashi da shi kowace safiya.

Masu haƙurinmu su muke bari a ƙarshen layi, saboda mun san ba za su yi fushi ba.

Ku kuma 'yan uwana masu gyaran kwamfuta: kada ku yanke hukunci a kan abin da ba ku gani ba. Ku ce a turo hoto. Kun sabunta tsari, ku kashe ku kunna, ku tabbatar, kafin ku ɗauki jakarku.

In akwai wanda ka ce wa "ina nan tafe" kuma har yanzu yana jira, kira shi yau, kafin ka wuce wannan rubutu.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda suke raye.

Ka tura wa wannan ɗan uwan naka da gidan kowa yake zuwa gyara, ban da gidansu.