Yayana da Ya Mai da Cokali Girman Tukunya

Yayana mai hoto ne, kuma in kana neman zagi da sassafe ka ce masa mai gyaran hoto. Shekara ashirin da shida ya yi a wani ɗan shago a ƙarƙashin matakalar bene, daf da ofishin da ake yin katin shaida, yana ɗaukar hoton fasfo. A fuskar kwamfutarsa ya manna siririn salatif layi biyu, na sama inda tsakiyar kai zai taɓa, na ƙasa inda haɓa za ta sauka. Jariri ne ko tsoho, mai ƙaton kai ne ko mai ɗan kai kamar lemo, sai Yaya ya ƙara shi ko ya rage shi har ya cika tsakanin layukan nan. Duk mutanen titin suna ce masa Ɗaga-Haɓa, don ba ya amsa gaisuwa sai ya cafki haɓar mutum ya murɗa ta inda yake so. Ban taɓa jin ofishin nan ya dawo masa da hoto ko ɗaya ba. Wannan kam gaskiya ce, kuma ita ce ta kumbura masa kai.

Ni ce autar gidanmu, shekara goma sha biyu ya ba ni. Da Baba ya rasu, ba wanda ya naɗa shi, shi ya naɗa kansa uba. Yau ina da shekara arba'in da 'ya'ya uku, amma har yanzu "ke Auta" yake ce mini da muryar da ake aiken yaro sayen ashana. Lokacin da maigidana ya rasu na fara sayar da kayan kicin ta waya, ya shigo ɗakina ya ga kwalaye jibge har saman gado, ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai kasuwar da ba a ganin fuskar mai saye wasan 'yar tsana ce. Na ajiye maganar inda ba za ta ɓata ba.

Sai duniya ta juya masa baya. Ofishin katin shaida ya sayi tasa kyamarar, sauran mutane kuma kowa da waya a aljihu. Shagon ya mutu a hannunsa, ya koma gidan Inna ya shekara guda yana zaune a tsakar gida yana faɗa da rediyo. Ni kuwa Allah ya buɗa mini. Na kama ɗaki biyu a saman wani bene, ɗaya na kaya, ɗaya na tebur da kwamfuta, na samu shafi a wata babbar kasuwar intanet inda dubban 'yan kasuwa ke baje kolinsu. Tukwane, kasko, filas, kofuna, cokula, turmi, iri sama da ɗari huɗu. Kasuwar tana da dokarta a kan hoto: faɗi da tsawo su zo daidai, bayan kayan ya zama fari, kuma a rage nauyin hoton don ya buɗe da sauri a wayar mai saye. Aikin nan yana cinye mini yini.

Kuskurena shi ne na yi ƙorafin haka a gaban Inna. Nan take ta ce ai ga yayanki a zaune, hoto kuwa a jininsa yake. Na ce ban so, ta ce ɗan'uwa rabin jiki. Na ce Inna kin san halinsa, sai ta kama share ido da bakin mayafi. Haka na ɗauki Ɗaga-Haɓa aiki, shi kuwa ya shigo kamar ni ya yi wa alfarma.

Muka raba aiki. Ni nake ɗaukar hoton kaya da wayata a kan farin tebur, shi ya yanke, ya daidaita girma, ya ɗora a shafi. Ranar farko ya zaro salatif daga aljihu ya manna layukansa biyu a kwamfutata ba tare da ya tambaye ni ba. Ba zan yi masa ƙarya ba, a mako biyu shafina ya yi kyan da bai taɓa yi ba. Kaya sun jeru reras, kowanne samansa na taɓa layin sama, gindinsa na kan layin ƙasa. Har na fara cewa ashe Inna ta hango abin da ban hango ba. Ni da na san girman kowane abu da hannuna, idona bai nuna mini ɓarnar ba.

Mai Babur ne ya fara kawo mini labari. Dattijo ne mai furfura da ke kai mini kaya gidajen mutane tun ina sayarwa daga ɗakina. Ya hawo bene yana haki ya dire mini kwali a tebur, ya ce wata mai sayar da abinci a ƙofar makaranta ta kusa kwaɗa masa ludayi. Ta ga tukunya a hoto ta cika fuskar wayarta dam, ta yi oda don ta dafa wa yara hamsin, aka kai mata 'yar tukunyar ɗumama madarar jariri. Kwana biyu wani ya dawo da turmi, ya ɗauka na daka ne a tsaye, ya samu na dandaƙa tafarnuwa wanda tafin hannu ke rufewa. Wani ma'aikaci kuma ya sayi filas da zai riƙa sakawa a jakar ofis, aka kai masa wanda ya kai masa gwiwa. Mai Babur ya ce shi yanzu ba mai kai kaya ba ne, mai yawo da kaya ne, ya kai su shan iska ya dawo da su.

Sai a lokacin na buɗe shafina na dube shi da idon baƙo. Innalillahi! Cokalin shayi da tukunyar da mutum biyu ke ɗauka, girmansu ɗaya. Yaya ya yi wa kayana hoton fasfo kaf.

Na nuna masa, cikin ladabi ma, don har da "Yaya don Allah" na haɗa. Ko juyowa bai yi ba. Ya ce ai an rubuta faɗi da tsawon kowane abu a ƙasan hotonsa, wanda bai iya karatu ba ya koma makaranta. Na ce ba wanda ke karanta ƙasan hoto, mace tana goye da yaro tana jan waya da babban yatsa, abin da idonta ya gani shi take saya. Ya ce hoto yana da ƙa'ida, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce tukunya ba kan mutum ba ce. Ya ce shekara ashirin da shida ba a taɓa dawo masa da hoto ba. Na ce to ga shi ana dawo mini da kaya, ya ce wannan matsalar kayana ce.

A makon ne saƙon gargaɗi ya shigo daga kasuwar, cewa masu saye suna kukan kayana ba su yi daidai da hotonsu ba. Dokarsu a bayyane take: gargaɗi uku, a rufe shafi, kuma ba a sake buɗe wa mutum da sunansa. Shekara shida na yi ina tara taurarin yabon da masu saye ke ba ni ɗaya bayan ɗaya, su ne suke sa baƙo ya yarda ya saya a wurina. Da shafin nan nake ciyar da yarana, da shi suke zuwa makaranta. Na karanta masa saƙon da ƙarfi, ya yi kunnen uwar shegu. Kafin wata ya cika gargaɗi na biyu ya iso.

Na je wurin Inna, ta ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, in yi haƙuri, namiji ne ba ya son ƙanwa ta koya masa sana'arsa. To, tunda ba zan iya ba shi umarni ba, sai na nemi dabara. Kwana huɗu na yi ina sake ɗaukar hoton kayan nan duka, kowanne da hannuna a ciki. Ƙananan na ɗora su a tafina, manyan tukwane na riƙe kunnensu, filas na kama wuyansa. Ko makaho ya shafa zai san babba da ƙarami. Bayana kamar zai ɓalle don sunkuyo. Na zuba masa hotunan a kwamfuta na ce kada ya yanke komai, ya ƙara fari a gefe har faɗi da tsawo su zo daidai, ya rage nauyi, shi ke nan. Ya ce to. Da ina da wayo da na san Yaya bai taɓa ce mini to da sauri haka ba.

Na yi tafiyar kwana biyu sarin kaya. A mota ina dawowa na buɗe shafin don in ga hannuna, ban ga ko farce ba. Ya goge shi tas a hoto sama da ɗari huɗu. Inda babban yatsana ya rufe kunnen tukunya, ya zauna ya zana sabon kunne yadda ko wanda ya ƙera ta ba zai gane ba, sannan ya ja kowanne ya cika layukansa. Irin wannan gwaninta da haƙuri, duk don ya nuna mini ban isa ba.

Daga tasha ban biya gida ba. Na wuce shago na same shi ya miƙe ƙafa yana shan shayi a ɗaya daga cikin kofunan sayarwa.

"Yaya, ina hannuna?"

"Na cire. Hannu a hoton kaya ƙazanta ne."

"Na ce maka kada ka yanke."

"Kin ce." Ya kurɓi shayinsa, ya dubi hannun nawa sama da ƙasa. "Ki dube shi mana, duk jijiya da kanta. Wa zai ga wannan ya yi sha'awar cin abinci a kwanon?"

Hannun da ɗaukar kwali ya mai da haka, hannun da shi kansa yake ci daga cikinsa. A lokacin na tsane shi, ba zan ɓoye ba, tsana irin wadda ban taɓa yi wa bare ba. Na jira ya tashi da yamma, na ga wasu ƙorafi biyu sun ƙara shigowa, na zauna na canza lambar sirrin kwamfutar da ta shafin.

Washegari ƙarfe takwas ya hawo da rigarsa a goge, don bai taɓa makara ba. Mai Babur yana nan yana ɗaure kwalaye. Yaya ya zauna ya buga lamba, ta ƙi. Ya goge tabarau ya sake bugawa a hankali da yatsa ɗaya, ta ƙi. A karo na uku bai buga ba, ya juyo ya dube ni.

"Auta, abin nan ya lalace."

"Bai lalace ba. Ni na canza."

"To faɗa mini sabuwar."

"Ba zan faɗa ba, Yaya. Aikin ya ƙare."

Mai Babur ya sunkuyar da kai yana ta ƙulla igiyar da ya riga ya ƙulla. Na zaci Yaya zai tayar da bene da ihu, na ma shirya amsoshina tun a hanya. Sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "A gaban mutane?" Na ce shi ma a gaban mutane ya kusa rufe mini shago. Ya tashi ya ɗauki hularsa ya sauka, ina jin takunsa ɗaya bayan ɗaya har ƙasa.

Hotunan masu hannuna suna nan a wayata. Kwana uku na yi ina ɗora su da kaina, wasu a karkace, wasu farin bai fita sosai ba. Shafin ya yi muni fiye da nasa nesa ba kusa ba, amma kaya suka daina dawowa, gargaɗi na uku kuma bai zo ba.

A kwana na huɗu Inna ta kira ni. Ta ce Yaya ya dawo tsakar gida ya zauna, kuma ya gaya mata shi ya bar aikin da kansa don ya fi ƙarfin gyaran hoton cokali. Ta tambaye ni ko haka ne. Na san muryar uwata. Ta san gaskiya sarai, so take in ce e, in bar masa wannan ɗan abin ya rufa da shi. Kalma ɗaya ce, ba za ta rage ni da komai ba. Amma zuciyata tana tafasa har lokacin.

"A'a, Inna. Ni na kore shi."

Sai ta ce, "To, Allah ya ba da kasuwa," ta kashe.

Korar ba ta taɓa hana ni barci ba, ko gobe aka maimaita zan sake. Amsar nan ce take ci na. Wata bakwai ke nan, shagona yana buɗe, yarana suna makaranta. In na je gaishe da Inna, Yaya yakan tashi ya fita ta ƙofar baya, ita kuma ta ɗauko tabarmar baƙi ta shimfiɗa mini.