Bismillar da Baba Ya Yi a Maƙabarta

Jama'a, wallahi abin nan da zan ba ku ba a bakin wani na ji ba, da ni ya faru, kuma har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. A tsohon Zongon Lome ne, na tsakiyar gari, zamanin da jam'iyya ɗaya ce a Togo, kowa da katinta a aljihu, kowa bakinsa a rufe. Ni a lokacin bakanike ne, ina aiki a unguwar Nyekonakpoe, a garejin wani mutumin Ewe da muke kira Fo Kosi.

A shekarar ne raɗe-raɗi ya yi ƙarfi cewa za a rushe unguwarmu a mai da mu bayan gari. Ba mai iya cewa uffan, sai dai ƙus-ƙus a ƙofar masallaci. Mahaifina tsohon ɗan kasuwar goro ne, yana ƙaramin yaro fatake suka zo da shi daga Jega a kan jaki, tun da ya zo kuma bai taɓa komawa ba, amma a bakinsa Jega ce gida, Lome kuwa "nan wurin" yake ce mata. Ga ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa. Wata safiya ya kira ni ya ce, "Ba zan zauna in ga katafila a kan ɗakin uwarka ba. Ka tada motar nan ka kai ni gida, in mutuwa ce ta same ni a can."

Motar fa, kada ku ɗauka wata abar kirki ce. Baƙar Fijo ce mai zagayayyen baya, kusan sa'ata, wadda ya saya a hannun wani Bature mai komawa ƙasarsu, ta yi shekaru a kan duwatsu a tsakar gida har kaji suna ƙwai a kujerar direba. Na ce Baba mu shiga motar haya mana, ya ce shi a kan jaki ya zo, a motarsa zai koma. Wanda ya san Baba ya san an gama magana.

Haka na duƙufa. Na sauke inji na wanke, Fo Kosi ya samo mini tayoyi, tsofaffin direbobin tasha suka zaunar da ni suna koya mini hanya, in bi Sokode in faɗa Jugu, daga nan Kandi, in ƙetare Kwara a Gaya, sai Kamba, sai Jega. Na tanadi galan-galan na fetur da jarkar ruwa, na yi ta zarya a ofis har takardun ƙetare iyaka suka fito. Da labari ya bazu a Zongo kuwa, sautu ya fara zuwa, wannan turmin atamfa ga ƙanwarsa a Kamba, waccan ɗaurin goro ga dangin mijinta, duk na jera a but. Motar ta tashi, tana tsaye cas, har yara na bin ta da gudu.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar Baba ya ce in kai shi maƙabarta ya yi sallama. Ya daɗe a kan kabarin Inna, mahaifiyata, sannan ya bi kaburburan tsofaffin fatake yana kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da duk suka zo da niyyar shekara biyu su koma, ƙasar Lome ta rufe su. To kun san halinmu, ko kunu mutum zai sha in da wani a gefe sai ya ce bismillah, ko mota zai hau sai ya yi wa na tsaye tayi. Da muka zo ƙofa zai shiga mota, sai Baba ya juya ya ɗaga hannu ya ce, "To jama'a, ni na yi gida. Mai zuwa, bismillah." Wallahi har dariya na yi.

Tun a hanyar komawa na ji motar tana nishi. Washegari da na fito na tarar bayanta ya zauna, taya har tana gogar jiki. Na kwashe sautun nan kaf na zube a ƙasa, ko gezau. Na kai ta gareji muka canja sifirin, muka sa na wata a-kori-kura mai ƙarfi, muna sauke jak ta sake durƙushewa. Fo Kosi ya zagaya ta, ya leƙa ciki, ya ja da baya yana goge hannu ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ba aikin sifana ba ne. Akwai mutane a motarka. Mu je kasuwar bokaye ta Akodesewa a duba maka." Na ce a'uzubillahi, ni ban zuwa wurin masu tsafi.

Abin da ya ƙarasa ni da rana tsaka ya faru, rana fa tsaka, mata na daka a maƙwabta. Na shiga na tada inji zan gwada birki, sai ƙanshin ɗanyen goro ya cika motar, alhali na fitar da goron. Na ɗaga ido na dubi madubi, sai ga tsoho a kujerar baya, da baƙin rawani, ido ɗaya fari fat, ya matse kafaɗu irin na wanda aka cika wa kujera. Ya ce mini a hankali, da Hausa irin ta can arewa wadda ba a yi a Zongo, "Ɗana, yaushe tashi? Mun daɗe muna jira." Na waiga, ba kowa, sai dai kujerar ta lotsa daga wannan ƙofa har waccan. Ban san yadda na fito ba, na dai tsinci kaina a gaban Baba ba takalmi.

Da na kwatanta masa tsohon, sai hawaye ya zubo masa. Ya ce, "Kawu Ɗan'azumi ne. Shi ya riƙe ni a kan jaki." Na ce to Baba a kira malam a yi addu'a, ka koma ka ba su haƙuri, motar nan ba za ta hau duwatsun bayan Sokode da wannan nauyi ba, a daji za ta ajiye mu kai kuma ba lafiya. Ya harare ni ya ce, "Ka taɓa ganin na yi wa mutum bismillah, ya miƙo hannu, na janye kwano? Ka ƙara mata ƙarfi."

Ina cikin ƙara mata ƙarfin ciwo ya taso masa. Ana jibi za mu tashi, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Muka kai shi maƙabartar nan, kusa da Inna, raina a jagule, don na kasa cika masa abu ɗaya da ya taɓa roƙo na. Da muka dawo na dubi motar, sai na ga ta karkace ta gaba kuma, daidai kujerar da ke gefen direba.

Sautu amana ne, dole in kai, don haka bayan addu'ar bakwai na kama hanya ni kaɗai, in dai za a kira wannan kaɗaici. A wani shinge bayan Sokode jandarma ya tare ni yana ihu wai na yi lodi fiye da ƙima, ya buɗe but bai ga komai ba sai atamfa da goro, ya leƙa ta taga, sai kawai ya miƙo mini takarduna da hannu biyu. Motar da ko unguwar Totsi ta nan bakin Lome ban yi zaton za ta wuce ba, wallahi ko tari ba ta yi ba har Jega.

Na tsaya a bakin gari da hantsi, na buɗe ƙofofin duka na ce, "To, mun iso." Bayan motar ya ɗago da ƙara ƙiii, har awakin da ke kwance a wurin suka watse. Gaban bai motsa ba. Na ce, "Baba, ga Jega fa." Na tsaya ina kuka har rana ta take, bai sauka ba.

Haka na raba sautu, na juyo da motar a karkace har Lome. Sai da na zo daidai ƙofar maƙabartar nan, inda Inna take, na ji ta miƙe cas.

Ni dai ban tambayi malami ba, ban kuma san fassararsa ba. Amma don Allah, in kun je ziyara ku yi addu'a ku fito salin-alin. Kada ku yi wa kowa tayi a can, don ana ji, kuma akwai masu jira.