Galan Biyu na Alhaji Zuberu

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina kuma aminina, Alhaji Zuberu Tahidu na unguwar Gumani, yana da shekara sittin da tara. Mun yi masa salla bayan azahar, muka raka shi makwancinsa. Ni Abubakari Yidana nake wannan rubutu, kuma da hannun da kai ka sa ya iya riƙe biro nake yinsa, Alhaji.

Ina da shekara hamsin da ɗaya ka matsa mini na shiga ajin yamma na manya. Na ce kunya nake ji, ka ce, "Kunyar dangwala yatsa a gaban surukai fa, ba ka jinta?" Wata uku kana raka ni, kana jira a waje kada in gudu.

Shekara talatin da ɗaya ka yi kana tuƙi a ma'aikatar gwamnati. Da ka yi ritaya ka sayi tsohuwar mota mai ruwan toka, ka ajiye ta a ƙarƙashin darbejiyar da ke tsakanin gidanka da nawa. Ba haya kake yi da ita ba. Motar marasa lafiya ce da masu naƙuda. Daga layinmu har bayan masallaci, yara da yawa a kujerar bayanta suka fara tafiyar mota, wasu tun suna ciki. Allurar da ke nuna mai ta daɗe da mutuwa, saboda haka a kanka kake riƙe lissafi. Dokarka ɗaya ce: galan biyu ba sa barin tanki, ko wane ne ya zo aro, ko bikin wa ake yi.

Mun sha musu da kai a kan ɗumama inji lokacin sanyi. Ni na yi yaron mota a hanyar Kumasi a ƙuruciyata, kuma maigidana ba ya tashi sai lori ta yi rabin awa tana kuka. Kai kuwa cewa kake wannan zamanin manyan motocin gas ne. "Mota tana tsaye tana kuka, mai take sha, Abubakari. Ka tayar, ka karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu uku, ka ja a hankali. A hanya take yin ɗumi." Nakan yi dariya in ce rowa ce ta kama ka da tsufa.

A tsakiyar Disamba ciwon ƙirjinka ya tashi. Likita ya ce ka kwanta, ban da tuƙi, ban da ɗaukar ko bokitin ruwa. Ka kira ni ɗaki ka ba ni makulli, ka ce in riƙa tayar da ita duk bayan kwana uku saboda batir, minti biyu in kashe. Ban iya tuƙi ba, amma na iya murɗa makulli.

Abin da zan rubuta yanzu ban faɗa wa kowa ba, har matata. Ban bi maganarka ba. Kowace safiya idan na dawo sallar asuba nakan shiga motar in tayar, in bar ta rabin awa, wani lokaci fiye, ina taka totur jefi-jefi yadda na ga ana yi a da. Na gaya wa kaina gata nake yi mata. Gaskiyar kuwa ita ce sanyin bana ya shiga mini ƙashi, cikin motar akwai ɗumi, ga rediyo. Ɗakinka yana can ƙuryar gida, ba ka ji. Fiye da mako uku ina haka. Ranar Alhamis, 9 ga Janairu, injin ya yi tari sau biyu kamar zai ɗauke. Na kashe, na rufe ƙofa, na ce gobe zan aika a sayo mai. Da yamma na zo duba ka, ka tambaye ni, "Yaya tsohuwa?" Na ce lafiya lau take.

Washegari Juma'a, muna idar da asuba, matata Humu ta tare ni a ƙofar gida babu mayafi. 'Yarmu Sahadatu, wadda ta dawo gida haihuwar fari, naƙuda ta kama ta, kuma jini take zubarwa. Babu keke mai ƙafa uku ko ɗaya a layinmu a wannan lokaci, kuma ko da akwai ba za ta iya zama ba. Na buga ƙofarka. Matarka Mma Fusena ta ce, "Alhaji, likita fa ya hana." Ka ce, "Likita bai ga yarinyar nan ba." Ka sa rigar sanyi a kan jallabiya ka fito.

Da ka murɗa makulli ta tashi nan take. Na zauna kusa da kai ina addu'ar da ba ta Sahadatu kaɗai ba ce. Mun hau babban titi, mun ci rabin hanya, sai ta yi tari. Ta sake yi. Sannan ta yi shiru, ta gangara gefe ta tsaya. A baya Sahadatu ta daina nishi, Humu tana ta kiran sunanta.

Ba ka buɗe gaban mota ba, ba ka sake gwada makulli ba. Ka juyo ka dube ni.

"Minti nawa kake barinta?"

Na ce, "Rabin awa."

"Kullum?"

Na sunkuyar da kai.

Muna hango fitilar gidan mai, amma da ɗan hawa kafin a kai, titi kuma babu kowa. Na koma baya na tura, ba ta motsa ba. Sai ka fito, hannu ɗaya a sitiyari, kafaɗarka a jikin ƙofa. Ina jin numfashinka daga inda nake, kamar ana zuga zugazugi. Na ce ka tsaya mu jira wani, ka ce, "Tura." Sai da muka kusa kaiwa masu sayar da mai suka hango mu suka rugo. Aka zuba mai, muka ƙarasa asibiti.

Ƙarfe tara da 'yan mintoci aka ciro jaririn ta hanyar tiyata. Namiji, da ransa, uwar ma da ranta. Ma'aikaciyar jinya ta ce da mun ƙara jinkiri da wani labarin ake yi. Jikana na farko ke nan bayan shekara saba'in da biyu a duniya. Na yi sujada a barandar asibiti, na rungumi mutanen da ban sani ba, na buga wa mijinta waya a Techiman, na buga wa 'yan'uwa a Vittin da Yendi. Sai wajen sha ɗaya na tuna da kai.

Na same ka a cikin mota, kanka a jingine, zufa ta jiƙa rigar sanyin, hannunka kuwa kamar an ciro shi daga randa. Na ce ga mu a asibiti, mu shiga a duba ka. Ka ce yau ranar murna ce, kada a haɗa ta da wani abu. Ka tambayi yaron da wa ya yi kama. Sannan ka ce, "Abubakari, maganar mai ta tsaya a cikin motar nan." Ka tuƙa kanka gida ka kwanta. Daga wannan kwanciyar ba ka sake tashi ba.

Na san ajali na Allah ne, ba ya gaba ba ya baya. Malamai sun faɗa, ni ma na faɗa wa wasu. Amma ni ne na ƙona galan biyun nan, ni ne kuma na ce maka lafiya lau. Jibi Juma'a ne suna. An sayi rago, gidana cike da baƙi, idan na ɗauki yaron farin ciki kamar zai fasa mini ƙirji, idan na leƙa ta katanga kuma ina ganin tabarmin zaman makokinka. Mma Fusena, cikin takabarta, ta aiko mana da turmin atamfa da sabulu. Na kasa taɓa su.

Ka gafarce ni, Alhaji, a karo na biyu zan saɓa maganarka. Ba zan tsaya a gaban jama'a in karɓi barka ba alhali iyalinka ba su san abin da ya faru a titin nan ba. Gobe bayan la'asar zan miƙa wannan takarda ga babban ɗanka Abdul-Razak ya karanta wa mahaifiyarsa, ni kuma ina zaune a ƙofar ɗaki. Abin da ta ce shi zan ɗauka.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ta, da Abdul-Razak, da ƙannensa Bashiratu da Masahudu, da jama'ar Gumani baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Zuberu, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa kowane taku da ya yi yana tura motar nan a mizaninsa. Ni kuma da na rage, Ka ba ni ikon ɗaga ƙafa in tsallaka zuwa gidansa gobe. Amin.