Geron Baba Maharazu

Baba Maharazu mutumin Sandamu ne. Tun yana yaro shi ake kira idan ɓera ya addabi rumbu, ya zo da tarko da sanda. Da aka raba gado, gonar da ta faɗo masa ta kasa ci da gida, sai ya shigo Daura neman abin yi. Allah da ikonsa, aikin da ya samu shi ne kula da ɓeraye a ɗakin gwaji na makarantarmu: ya share keji, ya sauya ruwa, ya zuba sabon garin katako. Da wannan aikin yake riƙe da iyalinsa da marayun ƙanensa.

A can na same shi da na fara bincike a hannun Dokta Suhaibu. Natsuwa da garaje muke aunawa a jikin ɓerayen. Akwati ne mai ƙananan ramuka biyar a bango. Fitila takan haska a rami ɗaya ta ɗauke. Ɓeran da ya lura ya cusa hanci a wurin, sai ɗigon madara mai zaƙi ya fito masa. Wanda ya cusa hanci tun kafin haske, shi ne mai garaje. Sai dai ɓera ba ya wannan wahalar sai da 'yar yunwa, don haka abincinsu a aune yake, kuma sai an gama gwaji.

Baba yakan tsaya a bayana yana kallo. "Ga Alhaji Garaje nan," in ji shi. "Irinsa ne ke ɗagowa daga sujada kafin liman."

Ana nan sai ɓerayen suka daina aiki. In an sa su a akwati su lafe a lungu, fitila ta yi ta haskenta. Dokta ya kwance na'ura ya ɗaure, bai ga komai ba. Wata safiya ina ɗaga keji na ga tsabar gero a cikin garin katako.

Na nufi wurin Baba da tsabar a hannuna.

"Baba, wannan geron fa?"

"Na gonar surukina ne. Mai kyau ne, na sheƙe shi."

"Ai ba a ba su komai sai wanda aka auna. Likitan dabbobi yana duba su, yunwar ba mai cutarwa ba ce."

"'Yar nan, ɓeran rumbu ɓarawo ne, in na kashe shi ba ni da alhaki. Wannan kuwa ni na kulle shi, makulli yana aljihuna. In ya dafe ƙarfe yana kallona, gobe ƙiyama wa za a tambaya? Dokta?"

Na mayar da kejin wurinsa.

Sikeli ne ya tona shi, don ɓerayen duk sun yi ƙiba. Dokta bai ɗaga masa murya ba. Ya ce, "Baba, aikin wata da watanni ya lalace, har da na yarinyar nan. Ka yi mini alkawari ka daina, magana ta wuce."

Baba ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, alkawarin da zan karya kafin hantsi?"

Da ya zama dole ya bar ɗakin gwaji, Dokta ya nema masa gadin ƙofa, aka ce babu gurbi. Ranar Alhamis Baba ya ajiye makulli a kan tebur, ya yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya.

Mun sake gwajin da sababbin ɓeraye, suna aiki yadda ake so. Ni ke auna musu abinci yanzu, kuma ba na son haɗa ido da su kafin azahar. Marayun ƙanen Baba kuwa an mayar da su dangin uwarsu a Baure.

Kwanan baya na gan shi a tasha yana dakon buhun masara, wuyansa duk jijiya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi Dokta, ya tambayi mutan gida, sannan ya rage murya.

"Sun ci yau?"

Na ce sai an gama gwaji. Ya gyaɗa kai, direba ya ƙwala masa kira, ya juya.