Ni da 'Yar Ja da Saƙon Unguwa Zuwa Jidda

Nakkasa, Makka

'Yan'uwa na gida, ku matso ku sha labari. Ran Juma'a bayan asuba, ƙarfe biyar da kwata a irin lissafin agogonmu na gida, ba na Larabawa ba, na tayar da wata 'yar mota ja, ƙirar Ingila, kujera biyu, babu rufi. Ta wani ɗan attajirin Jidda ce, Fu'ad, mai yin tsere da abokansa a fili. Ya kawo ta gyara garejin maigidana Usta Bakur a unguwar Zahir. Ni aikina facin taya ne, inji kuwa da ido na koya, da wani yagaggen littafi mai hotuna. Sai da na yi sati uku ina naci kafin Usta ya bar ni na taɓa kafiretarta. Ya ce, "Habu, ga sharaɗi. In ta zaga filin tseren Fu'ad ƙasa da minti biyu, ka zama bakanike. In ta kasa, kai da faci har furfura."

Ita motar nan duk sirrinta rashin nauyi. Na cire bamba, na cire safaya, har shimfiɗar ƙasa. Wautar da na yi, na kwana da ita a ƙofar gida. Kun san halinmu, wa zai je Jidda ba a ɗora masa saƙo ba? Inna ta fito da garwa biyu ta zamzam, na ƙanwarta. Maƙwabciya ta kawo buhun dabino. Wata ta turo turmi.

"Inna, motar tsere ce fa!"

"To ta tsere da su mana. Ka fi ƙarfin aike ne?"

Sai ga Kawu Sale, direban babbar mota, wanda Usta ya ce ya raka ni. Kawu ba ƙaramin mutum ba ne. Yana zama motar ta yi nishi ta karkace, aka ɗora masa turmi a cinya.

Shumaisi

Shida saura kwata muka iso shingen Shumaisi. Askarin da ke gadin shingen ya zaga mu sau biyu, ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa.

"Ina sauran motar?"

Kawu ya ce masa da Larabci, "Yarinya ce, in ta girma za a yi mata rufi." Dariya ta hana shi duba takarda, ya ɗaga mana hannu.

Bahara

Nan Kawu ya ce sai an karya. Wake da gurasa da shayi, kuɗinsu girshi shida. Ya ƙara faranti. Na ce, "Kawu, kowace loma nauyi ce." Ya ce, "Ubanka ne ya raine ni?" Ya ƙara na uku, ya haɗu da tsohon abokin tuƙi, hira ta ɓarke. Sai bakwai da rabi muka tashi, ga alkawari ƙarfe takwas da rabi. Raba saƙo a gari kuma ya sha ruwa.

Filin tsere, arewa da Jidda

Makka zuwa Jidda kilomita saba'in da 'yan kai, fili kuma gaba kaɗan, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar gishiri a bakin teku, an jera ganguna shida. Fu'ad na tsaye da agogo. Na ce Kawu ya sauka mu sauke kaya. Ya ce atafau, zamzam ba ya zama a ƙasa, kuma Usta ya ce kar ya bar ni ni kaɗai.

Haka muka shiga. Na taka totur, motar tana ja kamar an ɗaure mata ƙafa. A kowace kwana garwa na ƙugi, Kawu na salati rungume da turmi. Minti biyu da daƙiƙa ashirin. Abokan Fu'ad har da riƙe ciki. Shi kuwa bai yi dariya ba, ya ce, "Sau ɗaya ya rage maka."

Na tuɓe rigata na shimfiɗa, na ɗora garewanin a kai. Na durƙusa na ce, "Kawu, amanar mutane ce, wa zai tsare ta in ba babba ba?" Ya dube ni, ya dubi kwanar da ya sha wuya, ya sauko ya hau buhun dabino.

Wayyo jama'a! Ashe haka take! Giya ta biyu ta yi kuka, na ba ta ta uku, iska ta kwashe hulata. Sitiyarin da ɗan yatsa ma sai ya juya. Ganga ta huɗu bayanta ya zame, zuciyata ta ce birki, littafina ya ce a'a, saki totur kaɗan ka bi ta. Na bi ta, ta miƙe. Ina wuce Fu'ad na ga ya yi tsalle. Minti ɗaya da hamsin da biyu!

Komawa

Direban Fu'ad ya zaga da mu muka raba saƙo, muka yi Juma'a, muka hau bas riyal bibbiyu. La'asar sakaliya muna Zahir. Usta bai ko kalle ni ba, Kawu ya tambaya.

Kawu ya ce, "Na ga abin da idona. Yaron nan ya iya, amma ni da shiga motarsa har abada."

Usta ya ce, "Gobe ka zo da wuri, akwai inji a ƙasa yana jiran ka."

Na isa gida lafiya, ba hula, riga duk gishiri. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, Kawu kuma Allah Ya saka da alheri da ya sauka.