Cakulan ɗina a firjin Mama

Azumina na farko a gidan aure ya faɗo cikin zafi, muna haya a Kwararafa, ciki da falo, babu firji. Ni kuwa tun a gidanmu ban san buɗa baki ba sai da cakulan mai sanyi. Dabino ma don sunna nake ci.

Haɗin ba wuya, amma yana da ƙa'ida. Da ɗan ruwan ɗumi ake fara dama garin, in ba haka ba ya yi gudaji yana yawo a sama. Sai madarar gari da sukari da ruwa, a kaɗa da maburgi har ya yi kumfa. Saura sanyi, shi ne ba ni da shi.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Kirista mai sayar da dankali, wadda kowa ke ce wa Mama, mai Hausar da mace da namiji duk "ka" ne, tana da firji. Bayan la'asar na ɗauki jug na yi sallama, da niyyar ta ajiye mini zuwa magariba. Na manta cewa a layinmu duk kwanon da ya fito daga gidan Musulmi da azumi rabon maƙwabta ne. Kafin in buɗe baki ta karɓe da hannu biyu.

"Kai, Amarya! Tun yanzu ka fara tunawa da mu? Allah ya ba ka 'yan biyu!"

Ta ƙwala wa jikokinta kira. Ina tsaye da azumi a bakina aka rabe cakulan ɗina a kofuna. Na ce amin, na juyo. Jim kaɗan jug ya biyo ni cike da dankali, tunda ba a mayar da kwano wofi.

Maigida ya yi dariya har da riƙe ciki, wai in je in faɗa mata gaskiya. Da wane bakin? Matar da ta riga ta shaida wa rabin layi cewa amaryar nan 'yar gidan mutunci ce?

Washegari na tafi da maganata a shirye, na tarar da jikoki a bakin ƙofa, kowa da kofinsa. Daga nan abu ya zama farilla. Gwangwanin garin cakulan yana ta yin ƙasa, dankali yana taruwa a ƙarƙashin gado, ni ina buɗa baki da ruwan randa. Haushi kam na ji shi har wuya.

Da garin ya rage na haɗi ɗaya, dabara ta zo mini: in su suka ce sun gaji, ai ba ruwana. Na rage sukari, na zuba citta, na bi da garin barkono ba tausayi. Maigida yana kallo, ya ce shi dai ba shaida ba ne. Bayan la'asar na kai wa Mama, na dawo.

Ana kiran magariba sai ga sallama. Mama ce, riƙe da jug, jikinsa duk raɓa.

"Amarya, jiya ɗan saura ya kwana a firji, ashe abin nan da sanyi ya fi daɗi! Ku da ba ku da firji ba za ku sani ba. Na hana yara, na ce yau mai shi ne zai sha."

Ta cika kofi, ta ja kujera ta zauna tana jiran ta ga murnata. Maigida ya ce shi da shayi ya saba, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa.

Sanyi dai ya yi yadda nake so. Na yi bisimilla na kafa kai. Kurɓin farko ya wuce lafiya, na biyu ya tsaya a maƙogwaro yana ci da wuta. Hawaye suka zubo.

"Ayya, har da kuka?" in ji Mama, ta dafa kafaɗata. "Ba komai, ai mun zama ɗaya. Kawo kofin in ƙara maka."

Na miƙa mata.